Tsaya-Nan da Ƙofar Tantabarunsa

Shekara ashirin da takwas ya yi yana gadin ƙofar wata masaƙa, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Tsaya-Nan, don kalmar da yake tarar baƙo da ita ke nan. Da ya yi ritaya sai yini ya yi masa tsawo. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya sake wa kujeru wuri sau uku, har matarsa, wadda take ɗinki a ɗakin ƙofa, ta roƙe shi don Allah ya nemi abin sa wa ido ban da ita. Sai ya sayo tantabaru shida.

Ya haɗa musu ɗaki da katako da ragar waya a jikin katangar baya, tsayinsa daidai mutum ya shiga a sunkuye. Ya yi ƙofar mutum a gefe, ya bar taga a sama da ɗan allon sauka, tagar kuwa a hangame, wai su sha iska. A rana ta huɗu da safe ya tarar da gashi a ƙasa, tantabaru biyar a maƙure a lungu, muzurun unguwa a kan katanga yana lasar ƙafa.

"Ni da ko manaja sai ya nuna min kati," in ji shi duk lokacin da yake ba da labarin, "ga muzuru ya shiga ya fita, ko sallama bai yi min ba."

Ya tafi wajen maƙwabcinsa mai walda. Mai walda ya ƙera masa ƙofar tarko, wato siraran sandunan ƙarfe a rataye a jere, tsuntsu ya tura da ƙirji ya shige, amma daga ciki ba sa turuwa. Ya ce bari ya zo ya ɗaura masa.

"Haba ƙanena, ni za ka koya wa ƙofa?"

Ya ɗaura da kansa, ya kuma ɗaura a juye. Tantabaru suka tura suka fice, da yamma suka dawo suna ta bugun ƙarfe da ƙirji, ba hanya. Shi kuma yana ƙasa yana girgiza gwangwanin hatsi, yana ce musu marasa wayo. Suna cirko-cirko a kan rufi shaho ya kawo sura ya tafi da farar macen. Sai a sannan ya hau tsani ya taɓa sandunan da yatsa, ya gane a juye ya ɗaura, ya sauko.

Ya juya ƙofar daidai, aka samu lafiya mako biyu. Amma abin da tantabara ta iya turawa, muzuru ma ya iya. Wata safiya ya same shi a ciki, ya cinye ɗaya, ya rasa hanyar fita, ya yi kwanciyarsa a cikin sheƙa. Tsaya-Nan ya ɗauko sanda ya buɗe ƙofar gefe yana huci, muzuru ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya haye katanga.

Ranar ya sa wa ƙofar gefe sakata mai faɗawa da kanta daga waje, sannan ya shiga ciki da wayar ƙarfe don ya rage faɗin tagar. Iska ta kaɗa, sai ya ji ƙwas a bayansa. Ya tura, ƙofa ta ce ba ta san shi ba. Keken ɗinkin matarsa yana ta ƙara, ba za ta ji kiran hankali ba, in kuma ya ɗaga murya mai walda ne zai fara ji. Haka ya yi awa biyu a tsugune cikin rana, tantabaru uku suna ajiye masa abin da suka ga dama a ka.

Can matar ta fito shanya.

"Baban yara, me kake yi a nan?"

"Nazarin halinsu nake yi."

"To, a yi nazari lafiya." Ta juya.

"Dawo mana, don girman Allah! Ƙafata ta mutu."

Sai da ta gama dariyarta tana dafe da katanga sannan ta buɗe. Ba ta koma ɗaki ba, ta zare awon ɗinkin da ke wuyanta, ta ce ya riƙe mata namijin. Ta auna ƙirjinsa kamar mai son riga, ta rubuta masa a tafin hannunsa.

"Ka kai wa mai walda, ya raba tagar gida-gida daidai wannan. Ya ƙara murfi da za ka ja da magariba, a kuma lulluɓe kan katangar da langa-langa yadda farce ba zai kama ba. Kuma shi zai ɗaura."

Shi ɗin ya ɗaura, Tsaya-Nan yana miƙa masa ƙusa yana ba da shawarar da ba wanda ya ɗauka.

Yanzu tantabarunsa goma sha tara ne, ya san kowace da tafiyarta. A watan jiya ya ba mai walda biyu kyauta. Kwana uku suka dawo gida. Ya sake kai masa a kwando, suka sake dawowa. Mai walda ya haƙura, da yamma yakan zo da kujerarsa ya zauna ya ga nasa.