Kufan Gonarmu ta Maijirgi

Ina koyar da tarihi a kolej a Tasawa. Kowace shekara nakan nuna wa ɗalibaina hotunan tsoffin biranen Rumawa da suka rage a Aljeriya da Libiya: ginshiƙai tsaye ba rufi, hanyoyin dutse da ƙafafun keken doki suka ci, matattakalar gidan kallo. Mazauna sun shuɗe tuntuni, amma an kewaye wuraren ana tsaronsu.

Mu ma muna da kufai. Yana kan tudu a gonar da mahaifinmu ya bari a Maijirgi. Tun muna yara mukan tsinci tsingaro da kashin maƙera bayan ruwan sama, Inna tana hana mu wasa da su, ta ce gidajen mutane ne.

Wani rani Inna ta bugo mini waya ta ce yayana ya ba masu tubali izinin haƙar tudun. Na hau mota da safe. Na iske amalanken jakai a jere, an riga an ci gefe guda. A bakin ramin ga rabin tulu, ga dutsen niƙa an jefar.

Na sauka cikin ramin da zanen aikina na zauna.

Yaya ya zo da fushi. Ya ce boko ya juya mini kai, waɗancan garuruwan da nake nuna wa yara na dutse ne, nasara na zuwa kallo, namu kuwa tarkacen tukwane ne.

"Yaya," na ce, "ko ba mai zuwa kallo, ba za a yi tubali da su ba. Ina da gado a gonar nan, kuma tudun nan na zaɓa."

Masu haƙa suka jingina magirbi suna kallonmu. Rana ta take, ban tashi ba. Wajen azahar suka kora jakansu.

Maganar ta kai gaban kawunmu. Ya raba gonar, ya ba ni tudun, inda gero ba ya yi, Yaya ya ɗauki gangaren mai albarka. Dangi suka ce na yi wauta. Yaya bai amsa gaisuwata ba sai da babbar salla.

Na dasa aguwa na kewaye wurin. Da damina ta faɗi, ni da Inna muka je muka cike ramin.