Mai Aski da Ta Huɗun da Ke Bakin Ƙofa

Kullum da safe zai wasa askarsa, ya naɗe tawul, ya saƙala jaka a kafaɗa, ya bi gidajen tsofaffin da ƙafa ta daina kai su shago. Bana Mai Aski ya ajiye sana'a, don ido ya fara yi masa gardama. To wallahi ba zai tafi shiru ba, sai an ji abin da ya yi a gidan su Auta.

Mahaifin Auta tsohon kafinta ne, cuta ta kama shi ta fuska biyu. Ta kama jiki, hannu na rawa, ƙafa ta kafe a tsakar ɗaki kamar an buga mata ƙusa. Ta kama tunani, da safe ras yake, da rana ya bi ka da ido bai san ka ba. Likita ya ce wani nau'in ciwon mantuwa ne mai haɗa tunani da motsi, ba hauka ba ne, kuma masu shi sukan ga mutanen da babu su, ƙuru-ƙuru.

Shi Baba yara uku yake gani. Suna zaune a gefen gadonsa, ƙafafunsu na lilo, ba sa magana, ba sa ƙifta ido. Ran da ya ce wa Auta, "Matsa, kin taka na tsakiyan," da gudu ta fita. Tun daga nan sai dai ta aika da abinci, ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙe shi, hawaye na zuba, ta juya. Abin da ke cin ranta, watanni ke nan Baba bai kira ta ba. Ita fa, 'yar lelensa! Har ta saddaƙar ya manta da ita.

Mai Aski kuwa ko gezau. Yana shiga zai yaye labule haske ya cika ɗakin, ya sauke rigunan da aka rataye don kada su zame wa tsohon mutane, sannan ya kama hannunsa ya riƙe. Ba ya ɗora aska sai rawar ta lafa.

"Baba, yau su nawa ne?"

"Uku mana. Kai ba ka gan su ba?"

"Ni ban gan su ba, amma na yarda kana gani. In aski suke so, su bi layi."

Wata rana da hantsi ya yi tambayar da ya saba, sai Baba ya ce, "Huɗu."

Mai Aski ya janye askar.

"Akwai wata mace," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Ita ba ta shigowa. A bakin ƙofa take tsayawa, ta yi ta kallona tana kuka. Kamarta ɗaya da Autata. Ita ce ta fi ba ni tsoro. Kada ka waiwaya, ga ta nan."

Mai Aski ya waiwaya. Auta ce tsaye, ta toshe baki da hannu, ta ji komai.

"'Yata," in ji Mai Aski, "a wurinsa duk wanda bai yi magana ba, bai taɓa shi ba, cikin waɗancan da babu su yake. Shigo ki kama hannun mahaifinki."

Ta shigo, ta kauce wa gefen gadon, ta durƙusa. "Baba, ni ce."

Tsohon ya lalubi yatsunta, ya matsa su ɗaya bayan ɗaya. "Da ɗumi," ya ce. Sai fuskarsa ta washe. "Auta! Ina kika shiga, 'yar nan? Na yi ta cigiyarki a raina."

Mai Aski, kai ne aska mai haƙuri. Kai ne ka shiga ɗakin da 'ya'yan gida suka ji tsoro, ba ka ƙaryata tsoho ba, ba ka kuma yi masa ƙarya ba. Cutar ba ta tafi ba, yaran nan suna nan zaune har yau, amma ka mayar wa uba da 'yarsa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka mai riƙe naka hannun.

Ku kuma masu irin wannan majinyaci a gida, ku yi koyi da shi. Kada ku tsaya leƙe. Ku yi magana, ku shiga, ku taɓa shi, don ya san ku na gaske ne.