Kiɗan da Ba Ya Jira

Shekara talatin da ɗoriya Mai Jita yana zama hagun yayarsa, ita tana waƙa shi yana kaɗa mata, daga ɗakunan taro har farfajiyar makarantu. Masu kallo sun ɗauka idonsa na kan tsirkiya. Ina! Kafaɗarta yake kallo ta wutsiyar ido. Da ta ɗaga, ya san numfashi take ja, sai ya ɗan ja kiɗan, ya yi masa ado har ta dawo. Da girma ya zo mata, jiran ya riƙa ƙara tsawo. Bai taɓa gaya mata ba, ita kuma kullum cika baki take yi cewa muryarta ba ta san tsufa ba.

Sai sanyin ƙashi ya kama yatsunsa. Wani mai situdiyo a bayan kasuwa ya ce ya zuba kiɗan a kwamfuta sau ɗaya, ya huta. Ranar ɗaukar sauti Mai Jita ya sha magani, yatsu suka saki, mai situdiyo yana ta zuga shi. Mutumin naka kuwa da son yabo, ya kaɗa kamar ɗan shekara ashirin, shi kaɗai a ɗan ɗakin da aka lulluɓe da soso. Da ya ce wa Yaya su gwada, ta yi tsaki: waƙar da ta tsufa tana rerawa, wane gwaji?

Aka kira su taron ban kwana da wata shugabar makaranta. Ya danna maɓalli, ya koma layin gaba ya naɗe hannu. Baiti na farko lafiya lau. A na biyu numfashinta ya ƙare, ta tsaya ja, kiɗa ya yi gaba abinsa. Ta bi shi da gudu tana haɗiye kalmomi, ta sarƙe, tari ya turnuƙe ta. Kwamfuta ta kai waƙar ƙarshe ita kaɗai, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Jama'a suka tafa don tausayi, kuma wannan tafin ya fi komai yi masa ciwo.

Da na sani ƙeya ce. Bayan kwana uku ya ɗauki jitarsa ya same ta a ɗaki tana ninke kaya. Ya rantse ba zai sake ba, ko yatsun za su karye shi zai kaɗa mata.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Tun yaushe kake jirana, ƙanina?"

Ya ce an kai shekara goma.

"To, ka kyauta. Amma yanzu na sani, duk adon da za ka yi zan ji shi."

Ya zauna bakin gado ya fara kaɗawa a hankali. Ya maimaita mashigar waƙar sau huɗu, ba ta shigo ba.