Tsohuwar Takardar Saki

Sau biyu mutumin nan ya sake ni, kuma na farkon ne ya fi yi masa amfani.

Tsohon soja ne, sajan manjo. Da ya yi ritaya ya sami aikin shugaban masu gadi a wani kamfani a Riyad, ya ɗauko ni daga Kaduna a farkon shekarun casa'in. Muka zauna a unguwar Badi'a, ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran firji. Duk wata ana yankar wani abu daga fanshonsa a gida, domin in ya riga ni mutuwa a riƙa ba ni ɗan abin hannu har ƙarshen raina. Shi ya cike takardar da kansa, ba wanda ya sa shi. Amma wata bai taɓa ƙarewa bai goranta mini ba. "Ina raye ana tara miki kuɗin mutuwata," in ji shi, ko da kuwa gishiri na ce ya ƙare.

Sakin farko a Kaduna aka yi shi, kafin mu taho. Ya yago takarda daga littafin lissafi, ya rubuta saki ɗaya, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, har da lambarsa ta soja. Kwana goma sha biyu sai ga shi a zauren babana yana sunkuyar da kai, wai ya mayar da ni. Baba ya ce to, Allah ya kiyaye gaba. Na ɗauki jakata na bi shi. Wa ke rubuta komen aure a takarda? Baki ne kawai da shaidar tsoho ɗaya, shi ma ya rasu kafin shekara ta zagayo. Takardar kuwa Sajan ya karɓe ta ya adana, don shi ko rasiɗin burodi ba ya yarwa.

Shekara biyu bayan nan na haifi 'yata a Riyad. Ita kaɗai Allah ya ba mu.

Tana shekara uku ya sake yi mini saki na biyu, wannan karon ba maganar mayarwa. Na yi idda a ɗakin ciki, shi yana falo da rediyonsa, muna wuce juna kamar fasinjoji a tasha. Idda na cika na ce ya nemo mana bizar fita, ni da yarinya, mu tafi. Iƙamarmu, wato takardar zama a ƙasar, duk a ƙarƙashin sunansa take. In bai kai wa kafilinsa, wato mai kamfanin da ya tsaya masa, fasfo ya sa hannu ba, ko filin jirgi ba za mu shiga ba.

Ashe ya rubuta wa wani abokinsa a gida, abokin ya aiko masa da fom. Dokar ofishin fanshon ita ce, in aure ya mutu za a daina yankan, kuma a mayar wa mutum duk abin da aka yanka tun daga ranar saki. Sai dai matar ta sa hannu cewa lallai tun ranar babu aure.

Ina tsintar shinkafa bayan la'asar ya ajiye fom ɗin a kan tiren.

"Sa hannu nan."

Ya manta na yi makarantar horon malamai. Na goge hannu na karanta. Kwanan watan da ya rubuta ba na wata uku da suka wuce ba ne. Na shekara biyar ne. Ga tsohuwar takardar nan ta Kaduna ya maƙala a baya da allura, har ta yi ja.

"Sajan, wannan ai sakin farko ne."

"Saki saki ne. Na wata uku ko kuɗin kan sarki ba zai biya ba."

"To ka mayar da ni ko ba ka mayar ba?"

"Ina takardar da ta ce na mayar?"

Yarinya tana ƙasa tana jera murafan kwalba. Na nuna ta da yatsa.

"Shekararta uku. In shekara biyar ke nan ba aure, ita wannan daga ina ta fito? Faɗa mini da bakinka."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ke matsalarki surutu. Takarda ce za ta shiga fayil, wa zai karanta?"

Na zage shi ranar, ban ɓoye ba. Na ce masa maƙetaci, marowaci, wanda zai sayar da sunan 'yarsa don canjin fansho. Na ce tir da kakin da ya taɓa sawa. Mai gyaran firji sai da ya buga rufi da sanda. Sajan ya naɗe fom ɗinsa a tsanake, ya ce, "Ba sa hannu, ba biza."

Na aika aka kira wani dattijo mutumin Damagaram, direba ne, shi ke jan 'yan unguwarmu salla in an taru. Ya zo ya zauna ya yi masa nasiha har shayi ya huce. Ya ce masa wannan ƙarya ce, kuma ƙazafi ne ga uwa da 'ya. Sajan ya ce, "Malam, wannan harkar ofis ce, ba ta masallaci ba." Dattijo ya sa takalmansa ya sauka yana salati.

Kwana goma sha tara na yi ina ƙi. Ba na dafa masa, ba na amsa sallamarsa. A na ashirin ya dawo daga aiki ya ajiye fasfona a kan tabarma, da biza a ciki, da tikitin Kano. Tikiti ɗaya.

"Jirginki ranar Alhamis. Yarinya tana kan iƙamata, nan za ta zauna. Zan sami mai riƙe ta."

Na san zai aikata. Mutumin da ya ajiye takarda shekara biyar ba wasa yake yi ba. Ba ni da uba, ba ni da wa a ƙasar, Larabcina bai wuce na cefane ba. Ko na bar masa ita da sunanta mai tsabta, ko na tafi da ita da wannan ƙazantar a fayil. Na dubi yarinyar, ta yi barci da ɗan guntun burodi a hannu.

Na ce ya kawo biro.

Na karɓa ban ko yi jinkiri ba, kuma har yau ina jin haushin hakan. Na rubuta sunana a ƙarƙashin maganar da ta ce na haihu ba aure. Ya hura tawadar, ya duba da kyau ko na yi masa wata dabara, sannan ya sa a ambulan. Kwana huɗu tikiti na biyu ya fito.

Shi ya kai mu filin jirgi a motar kamfani. A bakin ƙofar shiga, da ya ga mutane suna rungumar 'ya'yansu, sai ya durƙusa ya miƙa hannu biyu.

"Zo ki yi wa Baba sallama."

Yarinya ta taka za ta je. Na fizgo ta na saɓa a kafaɗa.

"Kada ka taɓa ta," na ce, yadda na kusa da mu za su ji. "Kai ka rubuta, ni na sa hannu. Ba ka da 'ya."

Ya tsaya a durƙushe. Ita kuwa ta yi ta leƙe ta bayan kafaɗata tana kiran Baba har muka wuce masu duba fasfo.