Siririya Mai Tare Iska

A Guangzhou ta ƙasar Sin na yi wayo, a wani dogon bene bayan titin Huanshi Lu, inda ba mai barinka ka hura wutar icce. Wutarmu hita ce mai jan ƙarfe biyu. In sanyin Janairu ya shigo da danshinsa, bayan sallar isha'i sai mu kewaye ta, ni da Yaya Rabi da kakarmu, muna ɓare gasasshen dankalin da Baba ya sayo a hanyarsa ta dawowa daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. Kaka ta raina hitar nan ƙwarai. "Wuta ba hayaƙi ba toka, ai ƙaryar wuta ce," in ji ta, amma ta fi kowa matsawa kusa.

Tana da tatsuniyoyin kura da na aljannu, amma wadda ta fi kama ni ta Siririya ce. Kaka 'yar Damagaram ce, kuma da ƙuruciyarta ta yi aikin girki a Faransa, a gidan wasu Turawa masu 'ya ɗaya mai tseren keke. Sunan yarinyar ya ƙi zama a bakin Kaka, sai ta raɗa mata Siririya.

"Ga ta nan tafe bisa keke," Kaka za ta ce.

Mu kuma mu amsa, "Ta iso mu ji ta!"

Siririya ba don ta ci take tsere ba. A ƙungiyarsu akwai gwana guda, sauran kuwa aikinsu su kai ta gaba. Siririya ce ke shiga gaba ta tare iska da ƙirjinta, gwanar na laɓe a bayanta tana tanadin ƙarfi. Ita ce ke komawa baya wajen motar ƙungiya ta cusa gorunan ruwa cikin riga, ta sake kamo 'yan uwanta a kan gangare. "Jikokina, na ga dutsen da idona," Kaka kan ce, tana ɗaga hannu har awarwaronta ya zame. "Mota ma nishi take. Ita ko ɗiyar nan tana hawa kamar ana jan ta da igiya daga sama." Ni dai bakina a buɗe, dankali ya huce a hannuna.

Sai wata rana ƙafafunta suka fi na kowa ƙarfi. Kan dutse ya kusa, ba kowa a gaba sai ita da gwanar, kuma gwanar ta fara haki. Tseren da Siririya ba ta taɓa ci ba ya zo hannunta. Nan tayar gwanar ta fashe, motarsu kuwa ta maƙale can ƙasa a siririyar hanya. Siririya ta taka birki, ta sauka, ta kwance ƙafar kekenta ta ɗaura wa gwanar, ta tura ta da hannu biyu. Sannan ta tsaya gefen hanya riƙe da keke mai ƙafa ɗaya, tana kallon kowa na wuce ta.

Wannan ƙarshen ya sha ɓata mini rai. "Kaka, yau dai ki bar ta ta ci mana!"

"Meyo," ta ce, wato a'a, da ɗan Sinancin da ta tsinta a kasuwa. "Ba ni na ƙaga ba, balle in gyara."

Yaya Rabi ba ta taɓa sa baki ba.

Na girma ina jin tsoron kada Allah ya sa in zama Siririya. Da ciwo ya kwantar da Baba, dole ɗayanmu ta riƙe shagonsa. Lokacin Yaya ta samu gurbin karatun likita, ni kuwa saura mini shekara in gama sakandare. Ban ji an yi shawara ba. Na dai wayi gari na gan ta da makullai, tana ciniki da Sinawa kamar don haka aka haife ta. Ni na tafi jami'a, ni ake kira dakta yau, duk da ta fi ni kai nesa ba kusa ba.

Sai bayan rasuwar Kaka abin ya faɗo mini. Ashe mai tare iskar tana kusa da ni duk dararen nan, tana ɓare mini dankali. Na same ta a shago tana cin shinkafa a tsaye tsakanin kwalaye, na ce, "Yaya, kin taɓa yin da-na-sani?"



"Kullum," ta ce. "Kuma in aka sake, zan sake. Zo ki sa hannu mu ci."