Kar Ki Ɗaga Audugar

Ina kan bencin asibiti yanzu haka, na danne wa Hanan auduga a hannu. 'Yata ce, shekararta huɗu. Kwana uku ke nan tana haɓo, shi ne yau aka ɗebi jininta. Likita ya ce za su duba ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini, ko sun yi ƙasa.

Warin sifirit ɗin nan ne ya tuno min da Goggo, yayar babana. Ta yi aikin nas a Bukuru. Wata rana ina yanka kabejin da ta sayo a kasuwar Farin Gada, wuƙa ta yanke ni a yatsa. Ta naɗe min da ƙyalle ta matse. Tafin hannunta da sanyi, yana ƙanshin albasa. Ni kuwa sai ƙoƙarin leƙawa nake.

"Ke, uwar azarɓaɓi, bar shi! Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne a jinin ke taruwa. Na farko ya manne a bakin ciwon, ya kira 'yan'uwansa, su gane shi, su riƙe juna. Kina ɗagawa kin watsa musu taro."

"Goggo, in ba su zo ba fa?"

"Sai ki ci gaba da riƙewa, mu tafi asibiti."

To Goggo, ga mu a asibitin, sakamako bai fito ba tukuna. Allah ya haskaka kabarinki. Allah ya sa na Hanan suna da yawa, su ji kiran juna.