Shekarun Yari Dillalin Jakuna

Yari dillalin jakuna ne a kasuwar Illela, tun zamanin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi tsakaninmu da Ƙonni. Gwanintarsa rage wa jaki shekaru. A kawo tsohon jakin da ya gaji da duniya, Yari zai buɗe bakinsa ya leƙa haƙora, ya rantse bara aka yaye shi. Shekarun da yake rage wa jakuna kuwa ba ya zubar da su, kansa yake ƙara wa.

Dalili shi ne akushi. A zauren unguwarsu, in an ajiye tuwo, babba ne ke fara sa hannu, shi ke raba nama. Amininsa Halliru majemi ya girme shi da damina shida, amma furfurar Yari ta riga tasa fitowa, shi kuma ya riƙe ta shaida. Duk bayan 'yan shekaru sai ya ƙara wa kansa biyar. Kafin ya cika sittin ya kai tamanin da biyar. Halliru ya gaji da gardama ya bar masa akushin.

Sai abinci ya fara tsaya masa a ƙirji. Nama ya ƙi wucewa, sannan tuwo, har fura sai an tsinka ta da ruwa. Wanzami ya leƙa ya ce abin yana can ƙasa, inda askarsa ba ta kaiwa. Zuwaira matar Yari ta roƙi Halliru, ya ɗora shi a jaki zuwa Sakkwato wurin likita Bature.

Likita ya duba, tafinta ya mayar da bayani. Tsiro ne ya toshe hanyar abinci, ba ya ciruwa. Amma za a iya buɗe 'yar ƙofa ta ciki a riƙa zuba masa kunu, ya ƙara kwana a duniya. Sai dai maganin barcin da ake shaƙa wa mutum kafin yanka, tsoho tukuf ba kasafai yake farkawa ba. In ya haura saba'in, likita ba zai taɓa shi ba.

Tafinta ya ce, "Baba, shekarunka nawa?"

Yari ya saci kallon Halliru, ya shafa gemu. "Tamanin da biyar."

Halliru ya zabura. "Mi? Malam tafinta, ƙarya shikai! Ni na ci tuwon sunan wanga mutum, har na ƙone hannu!"

"Ka ji yaran zamani," in ji Yari. "Ni fa na goye shi."

Likita ya sa aka buɗe bakin Yari, kamar dai jaki a kasuwa. Goro ya riga ya cinye shaidar, haƙori huɗu suka rage. Ya dubi ramar, ya dubi farin gemu, ya mayar da kayan aikinsa akwati.

A hanyar gida Halliru ya yi ta faɗa. "Kai dai wawa ne, Yari. Kan akushin da ba ka iya ci?"

Yari ya ce, "Ja jaki, yaro, ka bar sa baki cikin zancen manya."

Haka ya ci gaba da zama a zaure. Shi ke fara taɓa tuwo, ya raba naman da ba ya iya haɗiyewa, ya tura wa Halliru ƙashi. Bai ga damina ba.

Ranar jana'iza liman ya tambayi shekarun mamaci. Jama'a suka juya ga Halliru, sun san yau gaskiya za ta fito. Halliru ya share ido da hannun riga.

"Tis'in," ya ce. "Allah shi jiƙan yayana."